Jami'in da ke sa ido kan waɗanda aka ba beli a Amurka: Abubuwan da ya kamata ka sani

A kotunan tarayya na Amurka, wanda aka kama da asuba yakan tsaya gaban alƙali a ranar, in an makara washegari. Amma kafin ya ga alƙali, akwai wani ma'aikaci da zai ja kujera ya zauna da shi a ɗakin ajiye waɗanda aka kamo, ya buɗe takarda ya fara jero masa tambayoyi. Wannan ma'aikacin ba ya ƙarƙashin 'yan sanda, ba ya ƙarƙashin mai gabatar da ƙara. Ɗan gidan kotu ne, kuma alƙali yake kai wa rahoto. Aikinsa kashi biyu ne: ya binciko ko wane ne wanda aka kamo don alƙali ya san ko zai sake shi, sannan in an ba da beli ya riƙa bibiyarsa har shari'a ta ƙare.

Nauyin aikin a wuri ɗaya yake. Duk wanda ke hannun wannan jami'i, kotu ba ta kama shi da laifi ba tukuna. Doka na cewa marar laifi ne, amma ga wani yana gaya masa ƙarfe nawa zai shiga gida, garin da ba zai je ba, da mutanen da ba zai yi wa magana ba.

Daga ina aikin ya samo asali?

Daga matsalar kuɗi. Shekara da shekaru, beli a Amurka abu ɗaya yake nufi: alƙali ya yanka kuɗi, mai hali ya biya ya koma gida, marar hali ya ci gaba da zama a kulle. Har sana'a ta tsiro a kan haka, wato kamfanonin da ke tsaya wa mutum su karɓi ladansu, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin, kuma ba a mayar da ko kwabo ko da kotu ta wanke shi. Ban da Amurka, a Filifin ne kawai aka san wannan kasuwanci.

A 1961 wani mai masana'antu, Louis Schweitzer, ya ga yadda samari ke cunkushe a gidajen yarin New York saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Shi da wani editan mujalla, Herbert Sturz, suka kafa gidauniyar Vera suka fara gwaji a kotunan Manhattan. Ɗaliban koyon aikin lauya ne ke shiga su tambayi wanda aka kamo inda yake zaune, sana'arsa da iyalinsa, su buga waya su tabbatar, sannan su ba alƙali shawarar ya sake shi bisa alkawarin bakinsa kawai. Cikin shekara uku aka saki kimanin mutum 3,500 ta wannan hanya, kuma waɗanda suka ƙi dawowa kotu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Daga nan doka ta biyo baya. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar gyaran beli, wadda ta ce a fara duba yiwuwar saki ba tare da kuɗi ba. A 1974 majalisa ta amince a gwada ofisoshin wannan aiki a gundumomin shari'a 10. A 1982, zamanin Ronald Reagan, aka faɗaɗa shi zuwa sauran gundumomin tarayya, waɗanda yawansu 94 ne. A wasu wurare ofishin zaman kansa yake yi, a wasu kuma an haɗa shi da na masu bibiyar waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci. Birnin Washington yana da tasa hukumar daban.

Sai a 1984 iska ta juya. Sabuwar doka ta ba alƙali ikon tsare mutum ba don tsoron zai gudu kawai ba, har don yana iya zama haɗari ga jama'a. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1987 a shari'ar Salerno, tare da jan kunne cewa 'yanci shi ne asali, tsarewa kafin shari'a kuma togaciya ce da dole a taƙaita. Abin takaici, yau mafi yawan waɗanda ake tuhuma a kotunan tarayya a tsare suke jiran shari'a. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tanadin da ya ce a wasu tuhume-tuhume, musamman na ƙwaya da hukuncinsu ke iya kai shekara 10, za a fara da zaton cewa tsarewa ce ta dace, sai wanda ake tuhuma ya kawo abin da zai karya zaton.

Me ke faruwa a awannin farko bayan kame?

Nan ne aikin ya fi zafi, domin lokaci kaɗan ne. Jami'in, wanda sau da yawa mace ce, zai fara da karanta wa mutumin haƙƙinsa: ba dole ba ne ka amsa, kana iya jiran lauyanka, kuma kada ka gaya mini komai game da laifin da ake zarginka da shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Jami'in ba mai binciken laifi ba ne, ko mutum ya fara rantsuwa yana kare kansa, zai dakatar da shi.

Tambayoyin na rayuwar yau da kullum ne. Ina kake kwana, tun yaushe, kai da wa? Wa ke biyan kuɗin haya? Kana da aiki, kuma in ka ɓace kwana uku za su kore ka? 'Ya'ya nawa, wa zai ɗauko su daga makaranta yau? Akwai maganin da kake sha kullum? Ka taɓa tunanin kashe kanka? Yaushe rabonka da shan ƙwaya? Ina fasfonka, ina ka je a bara? Akwai bindiga a gidan? Mutumin da aka fizgo daga kan gado, bai karya ba, bai san ko matarsa ta samu labari ba, shi ake so ya tuno lambar wayar ƙanwarsa da ka, domin wayarsa na hannun waɗanda suka kama shi.

Daga nan jami'in zai koma ofis ya hau waya. Zai kira uwa ko mata ko ɗan'uwa ya ji ko magana ta zo ɗaya, kuma ko sun yarda mutumin ya dawo gidan. Zai duba kundin bayanan laifuka na ƙasa ya ga ko an taɓa kama shi, ko ya taɓa ƙin amsa sammaci, ko wata kotu na nemansa. Wani lokaci a karɓi fitsarinsa a gwada. Duk wannan za a tattara a rahoto na 'yan shafuka, a ƙarshensa shawara: a sake shi haka nan, a sake shi da sharuɗɗa kaza da kaza, ko a tsare shi. Rahoton zai je wa alƙali, mai gabatar da ƙara da lauya mai karewa.

Shawara ce kawai, alƙali ne mai yankewa. Idan gwamnati ta nemi a tsare mutum, za a yi zama na musamman. Tana iya neman a ɗage har kwana uku, lauya mai karewa kuma har kwana biyar. Amma kada a raina wannan takarda. Alƙalin da ke da mutum goma a gabansa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba sai ta abin da jami'in ya rubuta. Kiran waya ɗaya da aka ɗaga, wata goggo ta ce “a kawo shi wurina, akwai ɗaki”, yana iya raba mutum da zaman wata takwas a kulle. Kiran da ba a ɗaga ba kuma, sai a rubuta cewa ba a tabbatar da wurin zamansa ba.

Abin da aka gaya wa jami'in zai iya zama shaida a kan mutum?

A tsarin tarayya doka ta killace bayanan. Don yanke shawarar beli aka tara su, kuma ba a amfani da su wajen tabbatar da laifin da ake shari'a a kansa. Da ba haka ba, babu mai buɗe baki ya ce yana shan ƙwaya. Sai dai akwai togaciya: ƙaryar da aka yi wa jami'in tana iya zama laifi na daban, kuma idan an samu mutum da laifi, jami'in da zai rubuta rahoton yanke hukunci yana iya ganin fayil ɗin. Shi ya sa wasu lauyoyi ke dagewa sai suna zaune za a yi hirar.

Yaya bibiyar take a aikace?

Doka ta ce alƙali ya zaɓi sharuɗɗa mafi sauƙi da za su wadatar wajen tabbatar da abu biyu: mutum zai dawo kotu, kuma ba zai cutar da kowa ba. Ta kuma hana a yanka kuɗin da rashinsa zai sa mutum ya zauna a tsare. Sharuɗɗan da aka saba gani sun haɗa da miƙa fasfo, kada a fita daga gunduma sai da izini, a rabu da bindiga, a nisanci shaidu da wanda aka cuta, a riƙe aiki ko a nema, a je gwajin fitsari, a halarci asibitin masu shaye-shaye ko na ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a damƙa mutum hannun wani ɗan'uwa da zai yi alkawari a gaban alƙali cewa in an karya sharaɗi shi zai fara kai rahoto. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwa ta kai ƙarar ɗanta.

Jami'in yakan je gida. Zai ga ko da gaske mutumin nan yake kwana, ko takalmansa da kayansa na ɗakin, su wa ke shiga da fita, ko akwai abin da ido ya gani da bai kamata ba. Zai nemi takardar albashi. Zai kira asibiti ya ji ko an zo zaman jiya. In mutumin ya rasa aiki saboda labarin kame ya fito a jarida, jami'in ne zai nuna masa inda ake ɗaukar ma'aikata, kuma shi ne gobe zai rubuta wa alƙali cewa fitsarinsa ya nuna hodar iblis. Gaba kura baya sayaki ke nan: in ya cika sassauci wani abu ya faru, sunansa ne a takarda, in ya cika tsanani ya mayar da marar laifi kurkuku saboda makarar minti ashirin.

Sai na'urar bin diddigi da ake ɗaura wa a idon sawu, wadda ba laifi in an kira ta marin zamani. Ɗaurin talalar da ake yi da ita mataki-mataki ne. Na farko, a ce wa mutum ya kasance a gida daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Na biyu, kullum yana gida sai dai zuwa aiki, makaranta, asibiti, wurin ibada, kotu ko ofishin lauya. Na uku, ba fita sam sai asibiti da kotu. Wata na'urar tana nuna ko yana cikin gida ne kawai, wata kuma tana bin sawunsa ta tauraron ɗan'adam duk inda ya sa ƙafa, kuma irin wannan sai an riƙa yi mata caji. Ƙarfe biyun dare wayar jami'in da ke bakin aiki za ta yi ƙara: na'urar wane ta daina magana. Batir ne ya mutu yana barci? Siginar ce ta ɓace a cikin bene? Ko ya yanke ta yana kan hanyar zuwa gidan matar da aka hana shi kusanta? Dole ya tashi ya kira, ya yanke shawara a lokacin. Yawancin irin wannan ƙararrawa ba komai ba ne, amma babu wadda za a ƙyale. A wurare da dama kuma wanda aka ɗaura wa ne ke biyan wani ɓangare na kuɗin na'urar.

Idan aka karya sharaɗi fa?

Jami'in zai sanar da kotu da mai gabatar da ƙara. Ƙaramin abu ana iya tsayawa a gargaɗi ko ƙarin sharaɗi; babba kuwa alƙali zai ba da takardar kame, jami'an tsaron kotunan tarayya su je su ɗauko shi. Ƙin zuwa kotu laifi ne mai zaman kansa, haka nan aikata sabon laifi ana kan beli yana jawo ƙarin ɗauri.

Shari'ar Sam Bankman-Fried, mai kamfanin kuɗin kirifto na FTX, ta nuna yadda abin ke tafiya. A Disamba 2022 aka ba shi belin dala miliyan 250. Ba tsabar kuɗi aka ajiye ba, alkawari ne da aka sa wa hannu, aka jinginar da gidan iyayensa a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, inda aka yi masa ɗaurin talala da na'ura a ƙafa. Bai gudu ba. Abin da ya kai shi ƙasa shi ne waya da intanet: a Agusta 2023 alƙali Lewis Kaplan ya soke belin bayan ya gamsu cewa akwai dalilin zargin yana neman yin tasiri a kan shaidu. Na'urar ƙafa tana faɗin inda mutum yake, ba ta faɗin abin da yake yi.

Gaskiya ne da lissafin maki ake auna mutum?

Akwai ƙamshin gaskiya. Tun wajen 2009 jami'an tarayya na amfani da ma'auni mai tambayoyi 11, irin su yawan manyan laifukan baya, ƙin zuwa kotu a baya, shekaru, ilimi, aiki, mallakar gida, shaye-shaye da matsayin zama ɗan ƙasa. Makin zai sa mutum a ɗaya daga cikin rukuni biyar. Baƙi mazauna Amurka, har da 'yan Afirka ta Yamma, su lura da wannan: rashin takardar ɗan ƙasa yana ƙara maki, kuma dangi da dukiya a wata ƙasa abu ne da mai gabatar da ƙara ke ɗagawa don nuna cewa mutum na iya tserewa.

Masu goyon baya na cewa lissafi ya fi son zuciyar alƙali adalci. Masu suka na cewa lissafin daga tarihin kame aka gina shi, alhali unguwannin baƙaƙen fata sun fi shan kame tun asali. A 2016 kafar ProPublica ta binciki wani ma'auni daban mai suna COMPAS a gundumar Broward ta jihar Florida, ta ce a cikin waɗanda ba su sake aikata laifi ba, baƙaƙen fata sun kusa ninka farare wajen samun tambarin “mai haɗari”. Kamfanin da ya ƙera ma'aunin ya musanta fassarar, kuma har yau masana na jayayya. A ganina makin na da amfani idan ya ƙarfafa wa alƙali gwiwa ya saki wanda da tsoro zai sa ya tsare. Idan ya zama abin fakewa don kada a saurari mutum, ya zama cuta.

Me ya fi sa mutane su dawo kotu?

Amsar ba ta da tsada. Yawancin masu ƙin zuwa kotu ba tserewa suka yi ba. Mantuwa ce, ko rikicewar kwanan wata, ko rashin abin hawa, ko maigida ya ƙi ba da hutu, ko babu mai riƙe yaro. Wani bincike da aka yi a New York kan masu ƙananan laifuka, wanda mujallar Science ta buga a 2020, ya gano cewa sake tsara takardar sammaci yadda rana da wuri za su fito ɓaro-ɓaro ya rage rashin zuwa da kashi 13 cikin 100, saƙon tes na tunatarwa kuma ya rage da kashi 21.

Akwai kuma darasin da ofisoshin tarayya suka koya daga nasu alƙaluman: idan aka lafta wa mutumin da haɗarinsa kaɗan ne sharuɗɗa masu yawa, sakamakon ya fi muni. Dalilin a fili yake. Wanda ke da aiki da iyali, aka ce ya zo gwajin fitsari sau biyu a mako da tsakar rana, an buɗe masa ƙofofin faɗuwa da babu su a da. Jami'i nagari shi ne wanda ke da ƙarfin halin rubuta wa alƙali cewa wannan mutumin a bar shi ya tafi, tunatarwa kawai yake buƙata.

Jihohi fa?

Kowace da nata tsarin, kuma a hannunsu mafi yawan shari'o'i suke. A kowace rana fiye da mutum 400,000 ne ke kulle a gidajen yarin ƙananan hukumomi ba tare da an same su da laifi ba. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a New York a 2010 kan zargin satar jakar goyo. Belin dala 3,000 ya gagari iyalinsa. Ya yi shekara uku a kurkukun Rikers, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, aka sake shi ba a yi shari'ar ba, a 2015 ya kashe kansa.

Kentucky ta haramta kamfanonin beli tun 1976 ta kafa irin waɗannan jami'ai a faɗin jihar. New Jersey ta kusa daina amfani da belin kuɗi daga 1 ga Janairu 2017, kuma yawan masu jiran shari'a a kulle ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 tsakanin 2015 da 2018. Illinois ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a ranar 18 ga Satumba 2023. Duk inda aka cire kuɗi, nauyin kan waɗannan jami'ai yake komawa.

Wa ke samun aikin, kuma akwai haɗari?

A tarayya sai mai digiri, wanda bai cika shekara 37 ba ranar ɗaukarsa, kuma ritaya dole ce a shekara 57. Akwai gwajin lafiya, na ƙwaya da binciken hali, sannan horo na wasu makonni a Charleston ta jihar South Carolina. Riƙe bindiga ya danganta da gunduma. Haɗari kuwa akwai shi, domin gidajen mutane ake shiga: a Satumba 1986 aka harbe Thomas Gahl, jami'i a ɓangaren bibiyar waɗanda aka riga aka hukunta, lokacin da ya kai ziyara gidan wani a Indianapolis. Abin da ya fi cin jami'ai a kullum shi ne yawan fayil da fargabar ranar da wanda suka ba da shawarar a saki zai yi ɓarna.

A Najeriya wa ke yin wannan aikin?

Wanda ya tsaya wa mutum. Shi ya sa kotuna ke neman babban ma'aikacin gwamnati ko mai gida a Abuja, sharaɗin da talaka ba shi da hanyar cikawa. Shi kansa mai tsayawar ba shi da kayan aikin bibiya. A Nuwamba 2020 Mai shari'a Okon Abang ya tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje saboda Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa kan naira miliyan 500, ya daina zuwa kotu. Daga baya a Yamai aka kamo Maina. In sanata bai iya riƙe wanda ya tsaya wa ba, ina ga malamin makaranta?

Kusan kashi biyu bisa uku na mazauna gidajen gyaran hali a ƙasar masu jiran shari'a ne. Dokar hukumar kula da gidajen ta 2019 ta kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, amma yawancin aikinsa ya shafi waɗanda aka riga aka samu da laifi. Ba na ganin na'urar ƙafa ce abin kwaikwayo a inda wutar caji ma aiki ce. Abin da aka fara da shi a Manhattan ne ya dace da mu, kuma muna da ɗaliban lauya, muna da masu unguwanni da suka san gidan kowa, waya kuma tana aljihun kusan kowa. Babban alƙalin jiha ɗaya ya isa ya gwada: ya ware ma'aikata biyu a kotun majistare guda, su riƙa tabbatar da adireshin masu ƙananan laifuka, su kira su kwana biyu kafin zama, bayan shekara a ƙirga nawa suka dawo da ƙafarsu.